Wa Ya Kashe Mahmud? Sae Sabuwa Ta Kafa Kotu

Ku matso kusa, jama'a, maganar yau ba ta son ɗaga murya. Mai aikin yi ya tafi aikinsa. Wanda ya zauna kuwa, to ya sani ba a bakina ya ji ba.

Akwai wani gida a nan Sae Sabuwa, babban gida mai sassa da yawa, wanda ba zan faɗi unguwarsa ba, don ko masu gidan ba su karanta wannan fili ba, akwai mai karanta musu. A makon da ya wuce aka wayi gari a gidan ba a ji ƙarar turmi ba sai da rana ta take. Amarya ta fito ɗibar ruwa idanu jawur. Uwargida, wadda aka sani da faɗa tun asuba, ta yi tsit. Maƙwabta suka fara ƙus-ƙus, kowa ya ɗauka saƙon rasuwa ne ya zo daga wajen yaran gidan da suka tafi cin rani, don akwai na Libiya, akwai na wajen haƙar zinariya a Jado. Wata tsohuwa har ta yafa zane ta shiga da salati, tana tambayar wa Allah ya yi wa cikawa. Amarya ta share hawaye ta ce, “Inna, Mahmud na.” Tsohuwa ta lissafa zuri'ar gidan kaf, ɗiya da jikoki da surukai, ba ta sami mai wannan suna ba. Ashe na fim ɗin Labarina ake nufi.

Na san ƴan birni masu intanet a aljihu sun fara dariya. Za su ce ai wannan tsohon zance ne, an yi makokin Mahmud an watse tun shekarun baya, an ma ajiye labarin gaba ɗaya an ɗauko na Al'amin Mainasara. Da gaskiyarsu. Tun 2020 Labarina ya fara fita a tashar Arewa24, Malam Aminu Saira ne mai ba da umarni, kamfaninsa na Saira Movies a Kano ne mai shirin, Nuhu Abdullahi ya fito a Mahmud, Nafisa Abdullahi ta fito a Sumayya. Abin da ƴan birni ba su sani ba shi ne, fim yana da hanyarsa ta zuwa ƙauye, kuma hanyar ba ruwanta da kalandar Kano.

Ga yadda ake yi. Daren Juma'a a saki sabon kashi a YouTube. Agogonmu da na Kano ɗaya ne, saboda haka wani yaro a Maraɗi zai sauke shi a daren, kafin hantsi ya tura wa abokansa ta Xender, daga nan ya biyo motar kasuwa ko ɗan kabu-kabu a cikin ɗan katin waya. Mai shagon caji, mai faifan sola a kan rufi da wayoyin rabin gari jere a kan tebur, shi ne gidan talabijin ɗinmu. Ka miƙa masa dala goma ko ashirin, ya zuba maka. Samari su ke bin sabo-sabo. Matan aure kuwa, musamman waɗanda sai bara ko bana miji ya aiko wa da babbar waya, ba su yarda a fara musu daga tsakiya. Sai dai a zuba musu tun daga zango na ɗaya. Mai shago ma ya fi son haka, tunda tsohon kaya ne kwance a kwamfutarsa, ba zai ci masa ko dala na sayen data ba. Shi ya sa a layi ɗaya za ka sami mai gardama a kan Mainasara da Maryam, ka tsallaka katanga ka sami wadda jiya-jiya ta fara sanin Presdo na tsohon labari.

Kar kuma ku raina hanyar nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke shigo mana ta layin Katsina zuwa Gazawa, Maraɗi ta sha duhu, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Ɗan Isa har zuwa Maris na 2024. A duk tsawon watannin nan fim ɗin Kano bai fasa shigowa ba, kuma ban ji ɗan duwan ɗin da ya taɓa kama shi ba.

To, mu koma gidan makoki. Da kuka ya lafa sai aka shimfiɗa tabarma aka shiga shari'a, don matan gidan sun haɗu a kan abu ɗaya: ruwa ba ya tsami banza, mutuwar nan da hannu a ciki. Hannun wa? Nan aka rabu.

Uwargida ta ɗora wa Presdo, wanda Isa Feroz Khan ya fito a matsayinsa. Majiyata, wadda ta je aron rariya ta ƙi fitowa, ta ce uwargida har bugun ƙirji take yi: “Ɗan masu kuɗi in shina son abu bai san a'a ba. Tun randa ya hwara bayyana ban yarda da shi ba. Shi na, wallahi shi na.” Amarya ta ɗago kai a hankali ta ce, “Haba Yaya, don mutum na da kuɗi sai a ce mugu na? Ni dai so na gani ga idonai.” Uwargida ta ce ai dole ki gani. Daga nan aka yi shiru mai nauyi. Wanda bai san gidan ba zai ɗauka fim ake tattaunawa. Wanda ya sani ya san mahaifin amarya babban ɗan kasuwar aya ne daga wajen Agye, ya san ranar da aka kawo kayan ɗakinta sai da mota ta yi sawu biyu, ya kuma san uwargida ba ta manta ba. Presdo dai ya ɗauki laifin da ba a iya faɗa a tsakar gida.

Matar ƙanen maigida ta ce duk sun ɓata. A wajenta ba a neman mai laifi a Labarina matuƙar Baba Ɗan Audu yana numfashi. Hujjarta gajera ce: duk inda aka ji ƙanshin kuɗi za a ga hularsa. A nan kam ba ni da ta cewa, don Rabi'u Rikadawa ya iya wasan nan har ya wuce misali. Ya iya dariyar da ba ta kai ciki ba, ya iya rantsuwar da tun kafin ya gama ka san ƙarya ce. Sunan ya fita daga waya ya shiga gari. Akwai wani dillalin bisashe a yankin nan da yara ke kira Baba Ɗan Audu a bayan idonsa, kuma an ce da labari ya kai masa bai yi fushi ba, tambaya ya yi ko mutumin yana samun riba.

Wata ƴar kwaleji a gidan, wadda ta sha fassarar Algaita har ta san dokokin fim ɗin Indiya a ka, ta ce manya ba su iya kallo ba. Wanda kowa ke zargi ba shi ba ne, wanda ya fi kowa ladabi shi ake bincika. Saboda haka ta nuna Lukman, wanda Yusuf Saseen ya fito a matsayinsa. Aka taso mata a kan ta yi wa bawan Allah ƙazafi. Ta ce su dai jira. Ita kuwa tsohuwar nan da ta shigo da salati, ba ta koma gida ba sai bayan la'asar. An kunna mata ta kalli abin da ta kalla, ta gyara zama, ta yanke nata hukuncin: sammu ne. Ta ce ko a fuskar yaron ta ga alamar an yi masa aiki. Ba a yi mata gardama ba, saboda girma.

Amma babbar jam'iyya, wadda ta fi kowace yawan magoya baya, ita ce ta masu cewa Mahmud bai mutu ba. Kuma ba a wannan gida aka kafa ta ba, a taron asusu aka kafa ta.

Kun dai san Mata Masu Dubara. A nan jihar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara tsarin a 1991, mata su taru kowane mako su zuba abin da ya sawwaƙa a akwati, mai buƙata ta ranta ta yi jarin man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko kiwon tunkiya, a ƙarshen zagaye a fasa a raba. Daga ƙauyukanmu tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama. Taro ne mai doka, mai tarar makara, ba a kawo wasa. To a makon nan, a wata ƙungiya da ba zan kama suna ba, an buɗe taro da addu'a, kafin a fara kiran suna wata ta yi subul da baka ta ce Allah ya jiƙan Mahmud. Sai mai riƙe da ɗaya daga cikin makullan akwati, mace mai kamun kai wadda ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, ta ce kar a yi wa rayayye addu'ar matattu. Ta ce da idonta, a wayarta, bayan an gama koke-koken mutuwarsa, ta ga Mahmud ya fito garau yana tafiya yana magana, har da murmushi. Ta ce in ƙarya take, tiya biyu ta wake sadaka.

Jama'a, ranar sai da aka kira magariba ba a kulle akwati ba. Waɗanda suka zo da niyyar rance suka manta da abin da ya kawo su. Nan take aka fara gina bayani a kan maganarta. Wata ta ce ɓoye shi aka yi don a gane maƙiyansa. Wata ta ce tagwaye ne, Hasan ya mutu Husaini ya fito. Wata ta ce mafarki Sumayya take yi, za ta farka. Wata kuma, mai miji a Libiya wanda ya daɗe bai kira ba, ta ce a hankali, ai mutum yakan ɓace a ɗauka ya mutu, sai wata rana a ji sallamarsa. Wannan ba a yi mata dariya ba. Ku riƙe zancen mai makulli, za mu dawo kansa.

Samarin fada kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Su da suka san abin da ya faru tun tuni sun gano cewa sani ma haja ce. Wani ɗan yaro a gidan makokin nan, wanda a da sai ya yi aike uku kafin a ba shi ƙanzo, yanzu fura da nono ake ajiye masa a rufe. Abin da zai yi kawai shi ne ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “In faɗa muku wanda Sumayya ta aura?” Sai ka ji an haɗa baki, “Kul! Zo ka ɗauki furarka.” Ana biyansa don ya yi shiru. Wata kuma ta ja shi gefe a ɓoye ta biya shi don ya faɗa mata ita kaɗai, ta dawo cikin mata tana hasashe, komai ta faɗa sai ya faru, har an fara cewa tana da baiwa.

Magidanta fa? A bakinsu fim aikin mata ne da marasa aikin yi. Haka suke faɗa a gindin bedi, suna kurɓar shayi. Amma mai shagon caji ya san sirrin kowa, don shi ke ganin abin da ke cikin kati. Ya raɗa mini cewa akwai wani dattijo, mai yawan faɗa a kan lalacewar zamani, da ke aiko almajirinsa da waya a ce “na iyali ne”. Rannan dattijon ya zo karɓar wayar da kansa, ya tsaya yana juya carbi har mutane suka ragu, sannan ya sunkuyo ya ce, “Yaro, shi wanga Mahmudu, an dai yi mai sutura yadda ta kamata?” Mai shago ya ce, “Allah gafarta Malam, ai fim na.” Malam ya ce ya sani, tambaya dai ya yi.

Yanzu ku ƙara matsowa, don ga inda na nufa tun farko. Duk kotunan nan, ta tsakar gida da ta asusu da ta gindin bedi, suna neman mai laifi a inda ba ya nan. Wanda ya kashe Mahmud ba ya cikin fim ɗin. Ba shi da hula, ba shi da mota, bai taɓa son Sumayya ba. Yana zaune a Kano da alƙalami da jadawalin ɗaukar hoto da lissafin kuɗi. Abin da ke a fili, wanda jaridun Hausa suka ɗauka a lokacin, shi ne Nuhu Abdullahi ya bar shirin. Idan kuwa jarumi da kamfani suka raba hanya alhali labari bai ƙare ba, ƙofa uku ce ta rage wa marubuci: ya tura mutumin tafiya mai nisa, ya sa wani ya ɗauki sunansa, ko ya haƙa masa kabari. Duk hannun da labarin ya nuna daga baya, an nemo shi ne don ya cike gurbin da aka riga aka yi.

Kuna son shaida? Ku duba Laila. Maryam Wazeery ce ta fito a wannan matsayi, tana tsaka da tashe ta yi aure a 2021, ta auri Tijjani Babangida, tsohon ɗan ƙwallon Najeriya da ya buga wa Ajax ta ƙasar Holan, yana cikin waɗanda suka ciyo zinariya a gasar Olamfik ta 1996. Al'adar Kannywood kuwa sananniya ce, mace ta shiga ɗakin miji ta bar gaban kyamara. Babu boka, babu maƙiyi, ɗaurin aure ne ya fitar da ita daga labarin.

Sai babbar, wadda nake roƙon mai karanta wa matan gidan can ya tsallake, don ba su iso wurin ba. Nafisa Abdullahi da kanta ta sanar a rubuce cewa ta bar Labarina, ta ce harkokinta sun yi mata yawa. Sumayya kuwa ita ce ginshiƙin labarin, ba a iya kashe ta, ba a iya tura ta tafiya. Sai aka bi ƙofa ta biyu, aka wayi gari Fati Washa ce Sumayya. Masu kallo suka yi ta surutu, wasu suka yi rantsuwar sun daina kallo, Juma'a ta zagayo suka koma. Da labarin ya gaji gaba ɗaya, aka naɗe shi aka ɗauko sabo a ƙarƙashin suna ɗaya, da Sadiq Sani Sadiq a Mainasara da Fatima Hussaini a Maryam. Wane mai hasashe ne a fada ya hango wannan daga cikin labari? Babu, don ba daga ciki ya taso ba.

Wani lokaci ma abin ya fi ƙarfin kamfani. Izzar So, na Lawan Ahmad, yana tsakiyar tashe a 2022 Allah ya ɗauki ran daraktansa, Nura Mustapha Waye, dole wani ya karɓi aikin. A watan Mayu na 2025 kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a tashi ɗaya, har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Gidan Sarauta da Garwashi da Jamilun Jidda, a kan cewa ana sakinsu ba tare da an kawo mata ta tace ba. Ka ga a nan, abin da zai hana ka ganin ci gaban labari takarda ce daga wani ofis.

Kar ku ce halin Kano ne kawai. Turawa sun riga mu. A Amurka an yi wani shiri mai suna Dallas. A watan Maris na 1980 aka rufe zango da harbin babban mugun shirin, J.R. Ewing, ba a nuna wanda ya harbe shi ba. Ƙasa ta ɗauka, har riguna aka buga da tambayar, har caca aka yi a kan amsar. A bayan fage kuwa, jarumin, Larry Hagman, ya ga duniya na jiransa sai ya ce ba zai dawo ba sai an ƙara masa kuɗi, ga kuma yajin aikin ƴan wasa da ya tsayar da komai. Sai 21 ga Nuwamba aka ba da amsa, mutum sama da miliyan 80 suka zauna kallo a Amurka kaɗai, ashe ƙanwar matarsa ce. Da ciniki bai faɗa ba, da labarin ya bi wata hanya. Kuma don ƴan jam'iyyar “bai mutu ba” su san ba su kaɗai ba ne: a shirin nan dai aka kashe wani mai suna Bobby a 1985 saboda jarumin, Patrick Duffy, ya tafi. Da ya yarda ya dawo a 1986, sai aka nuna tsohuwar matarsa ta farka ta same shi yana wanka, aka ce duk zangon da ya wuce mafarki ta yi. Shekara guda ta masu kallo aka share da ruwan wanka.

Ba ina faɗin wannan don in rage wa Malam Aminu Saira daraja ba. Akasin haka ma. Fim mai dogon zango gini ne da ake yi ana kwana a cikinsa: ana ɗora bulo a nan, bango na tsagewa a can, masu gida na ƙorafi, magini bai isa ya ce kowa ya fita ba. Wanda ya iya rasa manyan ƴan wasansa ɗaya bayan ɗaya, kuma matan Sae Sabuwa suka ƙi daka saboda abin da ya shirya, ya san aikinsa. Abin da nake so mu gane shi ne dalilin da ya sa ake rufe mana zango a daidai inda numfashi ke tsayawa. Kasuwar faifai ta mutu, Ƙofar Wambai da ƴan kasuwarmu ke zuwa saro kaset da CD ta zama tarihi a wannan harka. Yanzu abincin mai fim yana wajen talla da yawan waɗanda suka danna a YouTube. Dole ya bar ka da tambaya don ka dawo.

A nan ne kuma abin ya ɗan taɓa ni. Mu ba mu cikin lissafin. Yaron Maraɗi da ya sauke kashi ɗaya, mutum ɗaya YouTube ta ƙirga. Daga wayarsa abin zai shiga Tibiri da Gidan Rumji da Sae Sabuwa da ƙauyukan da ke bayansu, gida-gida, ɗaki-ɗaki, mata shida a kan waya ɗaya, amma a takardar Kano duk mutum ɗaya ne. Ƙorafin da ke isa kunnen masu shiri na waɗanda ke rubutu a ƙarƙashin bidiyo ne da masu TikTok da Facebook, ƴan Kano da Kaduna da mazauna Saudiyya. Su ake lallashi, su ake canza wa akalar labari idan sun yi bore. Uwargida da amarya za su iya yin shari'a har damina ta faɗi, hukuncinsu ba zai wuce zaure ba. Ga shi kuwa ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a masana'antar: Fati Nijar ƴar Maraɗi ce, muryarta ta yi shekaru tana ɗauke da waƙoƙin fina-finan Kano, Rakiya Moussa ma tamu ce. Ina ganin lokaci ya yi da mai shirya fim zai tsallako Jibiya ya ajiye kyamara a nan, ya sa mutum ɗaya a labari mai cewa “mi kake so” ba don a yi masa dariya ba. Laifin dai ba nasu ba ne su kaɗai. Wanda ke kallo a kati bai biya mai fim ko dala ba, a wurin mai caji kuɗinsa ya tsaya, kuma mun san haka.

Saura zancen mai makulli, wadda ta ga Mahmud da ransa. Matar nan ba ta yi ƙarya ba. Ƴar kwalejin nan ce ta warware abin, da ta karɓi wayar ta duba. Yaron shagon da ya zuba mata fim ɗin ya tara kashi-kashi duka a wuri ɗaya, ya sa musu lamba 1, 2, 3 har zuwa ƙarshe. Ita kuwa waya ba ta san girman lamba ba, harafin farko take bi. Bayan 1 sai ta kawo 10, bayan 19 sai ta kawo 2, bayan 39 sai ta kawo 4. Haka baiwar Allah ta yi ta kallo, labari na tsalle gaba yana dawowa baya, tana cewa wannan darakta akwai zurfin tunani. Da ta wuce wurin mutuwa, waya ta jefo mata wani tsohon kashi, ga Mahmud nan garau. A kan wannan aka kafa jam'iyya, aka ƙirƙiro tagwaye, aka hana mata rance.

An ce da aka yi mata bayani ta yi shiru, sannan ta ce to ai dai ta gan shi. Wake kuwa ta auna tiya biyu cif ta bayar, don mace ce mai cika alkawari, almajiran unguwa suka ci dafa-duka ba su san dalili ba. Wasu daga cikin magoya bayanta har yanzu ba su sauka ba, sun ce ita wayar ma ai da abin da ta sani.

Don haka, ku masu shagon caji daga nan har Gazawa, don Allah in za ku zuba wa mata fim ku raba kowane zango da wurinsa, ku sa sifiri a gaban ƙananan lambobi, 01, 02, 03. Dala ashirin kuke karɓa, ku yi aikin dala ashirin.